Tsiro Uku a Rami

A wani ƙauye an yi wani manomi. Gonarsa ɗaya ce tak, ta gero, ita ce kuma take ciyar da mutum tara a gidansa. Kowace damina idan shuka ta tsiro, yakan bi rami rami yana cire tsiron da ya yi yawa, ya bar uku masu ƙarfi. Haka ya ga mahaifinsa yana yi.

Wata shekara, yana cikin wannan aiki, sai maƙwabcinsa ya zo da waya a hannu. Ya ce, “Maƙwabci, tsaya! Kuɗi kake zubarwa a ƙasa.”

Ya nuna masa bidiyon wani saurayi mai laushin tafin hannu, yana zaune a kujera mai juyawa, yana cewa, “Kowane tsiro zangarniya ce, kowace zangarniya kuɗi ce. Ka bar goma a rami, ka girbe goma. Na sa na'ura ta lissafa, lissafi kuwa ba ya ƙarya.”

A ƙarƙashin bidiyon mutane dubu sun tofa albarkacin bakinsu. Wannan ya ce tsofaffin manoma duhun kai ne ya hana su arziki. Wancan ya ce shi tun tuni ya san haka. Rabinsu, in ka ajiye musu gero da dawa, ba za su rarrabe ba, amma kowa ya zama malamin gona.

Zuciyar manomin ta raunana. Ya dubi tsiron da ya riga ya cire yana yaushi a rana, tsoro ya kama shi, ko abincin 'ya'yansa yake ta watsarwa shekara da shekaru. Ya yi addu'a, sa'an nan ya ce, “Zan ba wayarka layi ɗaya. Sauran gonar ba ta gwaji ba ce, ta 'ya'yana ce.”

Maƙwabcin ya yi dariya ya tafi. Shi kam bai cire ko tsiro ɗaya a gonarsa ba. Da farko ta yi kore shar, masu wucewa suna tsayawa ɗaukar hoto.

Amma tsiro goma a rami ɗaya, abincin uku suke rabawa. Suka yi ta kokawa a kan taki da ruwa, suka fito sirara, zangarniyarsu ba ta fi yatsa ba. Layin gwajin manomin ma haka ya yi. Sauran gonarsa kuwa, zangarniya ta kai kamu guda, ta cika da tsaba har kara yana sunkuyawa. Gani ya kori ji. Aka yi girbi da waƙa, rumbunsa ya cika har aka gina na biyu. Da na maƙwabcin ya ƙare tun kafin bazara, daga rumbun nan na biyu iyalin maƙwabcin suka ci.

Ma'anar wannan misali ita ce, gonar rayuwarka ce, wayar kuwa muryoyin nan ne da suke shigo maka aljihu kullum da shawara a kan kuɗi, da na'ura, da hanyar arziki. Goma ta fi uku, ba wanda ya musa lissafin. Abin da saurayin ya manta ƙasar ce, don bai taɓa durƙusa a kanta ba. Waya ba zunubi ba ce, 'yan'uwa, lissafi ma baiwar Allah ce. Amma yawan masu faɗa ba ya mai da magana gaskiya. Ku auna ta da Maganar Allah, ku tambayi wanda ya yi aikin da hannunsa, in za ku gwada ku gwada a layi ɗaya.

Masu sharhin nan, ran da tukunyarka ta bushe, suna can suna sharhi a kan wani abu dabam. Kai kuwa da ka tsaya a kan gaskiya, 'ya'yanka za su ci su ƙoshi, har ka aika wa maƙwabci. Yabo ya tabbata ga Ubangijin girbi!