Danshin Gindin Indararo

Akwai wani manomi mai suna Irmiya. A ƙauyensu ba mai zuba iri a ƙasa sai sarkin noma ya ce a zuba. In ruwan farko ya sauka, sarkin noma yakan tona ƙasa da hannunsa. In danshi ya kai wuyan hannu, sai ya sa a kaɗa ganga kowa ya fita shuka. In bai kai ba, a dakata.

Sarkin noman nan, Baba Tanimu, ya shekara talatin yana wannan aiki, bai taɓa kuskure ba. Har mutane suka daina duban sama, sai duban bakinsa.

Bara damina ba ta yi kyau ba. Abin da ya rage wa Irmiya ƙwarya ɗaya ce ta irin gero. Matarsa Tabita ta zuba shi cikin tulu ta liƙe bakin da laka. Yara sun yi kukan yunwa, tsohuwar Irmiya ta rame, amma ba a fasa tulun nan ba, gama shi ne abincin gidan na shekara mai zuwa.

Wata rana da la'asar ruwa ya sauka. Kashegari da safe ganga ta yi ƙara. Irmiya ya saɓi sungumi, Tabita ta ɗauki iri, suka nufi gona. Da ya yi saran farko, sai ƙura ta tashi. Ya durƙusa ya tona da hannu. Danshin bai wuce yatsa biyu ba, ƙarƙashinsa kuwa busasshe kamar toka.

Tabita ta ce, "Maigida, ƙasar nan ba ta sha ba. Mu zuba rabi, mu riƙe rabi."

Irmiya ya dubi dama, ya dubi hagu, kowa na ta sara. Ya ji tsoron a ce shi ne ya fi Baba sani. Ya ce, "Ke dai zuba. Wane ni in ƙaryata Baba?" Ya sa ƙafa ya rufe ramin da ya tona. Tabita ta bi bayansa tana zubawa tana takewa, har ƙwaryar ta ƙare.

A kwana na huɗu gero ya tsiro. Daga nan sama ta rufe bakinta, kwana ashirin da huɗu ko ɗigo. Irmiya yana zuwa kullum yana kallon tsiron yana lanƙwashewa, har ya ƙone ƙurmus. Sa'ad da ruwan gaske ya zo, ba iri a gidansa, ba a gidan maƙwabta. Gonar ta cika da ciyawa. Tsohuwarsa ba ta ga kaka ba.

Bayan an binne ta, Irmiya ya tafi gidan Baba Tanimu zuciyarsa na tafasa. Ya same shi zaune a ƙofar soro, ƙafafunsa a kumbure. Tsohon bai jira tambaya ba, ya nuna masa wani ɗan rami a gindin bango, daidai inda indararo ke zubo ruwan rufin ɗaki.

Ya ce, "Nan na tona, ɗana. Hannuna ya shige har gwiwa. Ƙafa ta ƙi kai ni gona, kunya kuma ta hana ni faɗa." Sa'an nan ya ce, "Kai da ka je gona, ka tona?"

"Na tona, Baba."

"Me ka samu?"

"Yatsa biyu."

Hawaye ya zubo wa tsohon. Ya ce, "Da ka zo ka gaya mini, da na aika an tsai da gangar."

Irmiya ya fita ya koma gida. Daga baya ya ji cewa kusan kowane magidanci a ƙauyen ya ga ƙurar nan a ran shuka, kowa kuma ya yi shiru domin ya ga ɗan'uwansa ya yi shiru.

Ma'anar wannan misali ita ce: sarkin noma shi ne shugaba a cikin ikkilisiya, ko muna kiransa fasto, ko dattijo, ko annabi. Mu girmama shi, gama aikinsa mai nauyi ne. Amma shi mutum ne. Ba sai ya yi nufin mugunta zai ɓad da jama'a ba. Tsufa, da kunya, da yabon mutane sun isa su sa shi tona inda bai kamata ba, ya kuwa faɗi abin da ya samu da zuciya ɗaya.

Irin kuwa shi ne bangaskiyarka da ta gidanka. Allah ya ba ka Maganarsa, ya ba ka Ruhunsa, domin ka gwada abin da aka koya maka. In ka gwada ka ga bai yi daidai ba, kada ka rufe ramin da ƙafa. Je ka wurin shugaba da ladabi, ka gaya masa abin da hannunka ya taɓa. Wannan ba raini ba ne, taimakonsa ka yi.

Baba Tanimu zai amsa a gaban Allah domin ramin da ya tona. Irmiya kuma zai amsa domin wanda ya rufe.