Makulli Biyu a Aljihu Ɗaya

"Inna, wannan ɗan dakon ba shi ne yake zuwa gidanmu da mota ba?"

'Yata Sa'a ce ta faɗa da ƙarfi a tashar Adjamé, yana ji. Ya sunkuyar da kai, ya gyara buhun da ke kafaɗarsa, ya wuce.

Shi ne kuwa, ya 'yan uwa. Ku saurara.

An yi wani mutum, haifaffen Treichville, ya yi lakwal, wato boko, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. 'Yan kasuwar Nijar masu shigo da shinkafa suka haɗa jari, suka ba shi riƙon asusunsu na banki ta waya. Sharaɗi ɗaya ne: kuɗi mai nauyi ba ya fita sai da lambar sirri biyu, ɗaya ta shigo wayarsa, ɗaya wayar dattijonsu, Alhaji Nomau.

Jiran ne ya riƙa ci masa rai. Yau Alhaji yana masallaci, gobe wurin ta'aziyya. Girman kai ya raɗa masa: kai mai ilimi, kana jiran wanda ko saƙo sai an karanta masa?

"Baba, ashe har yau ba ku yarda da ni ba?"

Kunya ta kama tsohon, don shi ya raɗa masa suna. "Haba ɗana," ya ce. Ya zare layin wayarsa ya miƙa.

Mutumin nan bai taɓa cin ko dala ba, wannan na shaida. Amma makulli biyu sun koma aljihu ɗaya.

Ranar da kwantenarsu ta iso, aka kira shi. Murya mai ladabi, Faransancin ofis, wai daga banki: za a rufe asusun yanzu in bai karanto lambobin ba. Da a da ne, sai an nemo Alhaji, shi kuwa ba ya amsa komai sai ya taka banki da ƙafarsa. Ran nan babu mai cewa a dakata. Ya karanto duka biyun.

Kafin la'asar an share asusun, har da jarin wasu marayu da aka ba su ajiya. Banki ya ce izini ya cika. Mutumin ya sayar da motarsa, ya sayar da shagonsa, bai toshe ramin ba.

Alhaji bai zage shi ba. Cewa ya yi, "Ni na ba ka." Wannan ta fi zagi zafi.

Wa ya ce sai ɓarawo ke cin amana? Wanda ya rushe katangar da aka yi wa dukiyar mutane, shi ma ya ci. Allah ya rufa masa asiri, mu kuma ya kiyaye mu.

Kai da ke riƙe da lambar jama'a, kada ka nemi ta ɗan'uwanka. Kai kuma da ake nema, ka hana, ko ɗan cikinka ne.