Agwagwa Mai Duba Kaji

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Wata rana Zaki ya kafa doka cewa makarantar 'ya'yan dabbobi ba za ta ƙara sayen ƙwai ba sai daga gidan da kaji ke jin daɗi. Ya naɗa Agwagwa ta riƙa zagayawa tana dubawa.

Agwagwa ta je gidan Biri mai kiwon kaji, ta tarar da su suna birgima cikin turɓaya.

Ta ce, "Malam Biri, ba ka tsoron Allah? Ina tafkinsu?"

Wata tsohuwar kaza ta ce, "Ranki ya daɗe, ai wankanmu ke nan. Shi ke kashe mana ƙuma."

Agwagwa ta ce, "Yi shiru, baiwar Allah, wahala ce ta zame miki jiki."

Biri ya ji tsoron rasa ciniki, sai ya haƙa kududdufi, kullum da safe ya watsa kajin ciki. Mura ta kama su, ƙwai ya ɗauke, 'yan makaranta suka koma shan kunu zalla.

Zaki ya kira Agwagwa ya ce, "Yaya kika baro kajin nan?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na same su a bakin ruwa, jikinsu sai rawa yake don murna."

Zaki ya ce madalla, ya ƙara mata aikin duba awakin da ake sayen madararsu. Da labari ya iske Akuya, sai ta tsinke igiya ta gudu.

Ƙurunƙus kan ɗan tsako, ba don Gizo ba da na ce a gabana aka yi.