Mayafin Bagade a Bayan Doki

Akwai wani mai gonaki da dakaru a ƙauyenmu na bakin kogin Ron, ana ce masa Ragnulf. Ni dai ban taɓa ganin haƙoransa ba sai in zai zagi wani.

A shekarun da rana ta dushe, sanyi ya hana alkama nuna, yunwa ta shigo. Bawansa Marsel ya saci damin sha'ir saboda 'ya'yansa. Da asiri ya tonu, sai ya ruga coci ya damƙi mayafin bagade, wato teburin dutse mai tsarki da ke gaban coci. Kowa ya san al'adar: wanda ya riƙe mayafin nan, ko sarki ba ya taɓa shi.

Fada Lupus, limamin cocin, ya tare ƙofa. "Ɗana, ka ji tsoron Ubangiji. Yana hannun coci."

"Tsoho, koma ga waƙe-waƙenka," in ji Ragnulf. "Tsumma ne zai raba ni da bawana?"

Ya bangaje shi, ya ɗaga gatari ya datse hannun Marsel daga wuyan hannu. Jini ya wanke bagade. Ya ɓamɓare yatsun daga mayafin, ya tafi da shi ya shimfiɗa a ƙarƙashin sirdinsa.

Ba a daɗe ba annoba ta biyo jiragen ruwa. Mutum ya kwana da kumburi a matsematsi, jibi a jefa shi rami. Ta kwashe dakarun Ragnulf tas. Manoman da suka rage, waɗanda ya rufe wa rumbu suna binne 'ya'yansu, suka ɗauki lauje da sanduna, suka cinna wa gidansa wuta.

Ina kuke tsammani ya nufa? Coci. Ya shiga a guje, jini na zuba daga goshinsa, ya kai hannu bagade. Dutse ne tsirara.

"Fada, ina mayafin? Ka rufa mini asiri."

Fada Lupus yana kuka, yana roƙon mutane su dakata, amma ba mai jinsa. Marsel ne ya matso da dungulminsa.

"Ranka ya daɗe, ai yana bayan dokinka."

Manoman suka ja Ragnulf ta ƙafa zuwa waje, ba wanda ya ƙara jin muryarsa.

Darasi: Kada ƙarfi ya sa ka rushe mafakar mai rauni, domin ranar da ƙarfin zai ƙare, can za ka gudu. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.