Araksi, Mai Sunan Kogi

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

An yi wata mata a ƙasar Armeniya mai duwatsu da sanyi, sunanta Siranush. Mijinta Karapet makiyayi ne. Gidansu na bakin wani babban kogi da ake kira Araks. Tana da tsohon ciki, sai wata rana mijin ya haye kogi neman tunkiyar da ta ɓata. Kafin ya juyo, ƙanƙarar kan duwatsu ta narke, kogi ya cika ya batse. Mutanen ƙetare suka ce ya dakata. Ya ce matarsa na gab da haihuwa. Ya shiga ruwa. Ba a sake ganinsa ba, ko hularsa.

Kullum Siranush sai ta zauna a gaɓa tana kuka. Dila ya hango ta, ya matso a hankali.

"Baiwar Allah, kukan ya isa. Ni ina jin yaren kogi. Ba ni tunkiya in kai masa gaisuwa, ya sako miki mijinki."

Ta ba shi. Washegari ta ce, "Dila, me kogi ya ce?"

"Ya ce saura kaɗan."

Ta ba shi rago. "Dila, me kogi ya ce?"

"Ya ce saura kaɗan."

Ta ba shi akuyar da take tatsa. "Dila, me kogi ya ce?"

Ya lashe baki. "Ya ce saura kaɗan."

Da garke ya ƙare, Dila ya daina zuwa. Siranush ta shiga ruwa har gwiwa, ta ɗaga murya.

"Kogi! Ka ci mijina, ka ci dabbobina. Me kuma kake so?"

Sai kogi ya amsa. "Dabbobinki ban gan su ba, ƙasusuwansu na bakin ramin Dila. Mijinki kuwa yana wurina, ba zai dawo ba. Ba da gangan na ɗauke shi ba, gudu nake, ban iya tsayawa. Har ruwa ya rufe shi sunanki yake kira. Koma gida, akwai rai a jikinki."

Ta fito daga ruwan. Ba ta yi nisa ba sai ga Dila ya zo shan ruwa, ciki ya yi masa nauyi. Kogi ya zare ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa, Dila ya faɗa ruwa.

"Wayyo kogi, yaushe za ka sake ni?"

Kogi ya ce, "Saura kaɗan." Ya wuce da shi.

Bayan kwanaki Siranush ta haifi 'ya mace. Ranar suna ta ce a kira ta Araksi, wato ta kogin Araks. Uwar mijinta ta dafe ƙirji.

"Haba 'yar nan! Sunan wanda ya cinye ubanta?"

Siranush ta rungume jaririyar. "Inna, in ta girma ta tambaye ni kabarin ubanta, ina zan nuna mata? Duk sanda na kira ta, na faɗa mata inda yake kwance."

Tsohuwa ta rufe fuska da mayafi.

To yara, wanda ya ci dukiyar mai kuka, ba zai gama da daɗi ba. Kuma in kun ji sunan mutum, kada ku yi dariya, ba ku san hawayen da aka zubar kafin a raɗa shi ba.

Kurunkus! Tatsuniya ta bi ruwa, ku kuma ku bi shimfiɗa.