Hancin Krispus a Kan Azurfa

Akwai wani masassaƙin hatimi mai suna Krispus a gidan buga kuɗi na birnin Rum. Wata ranar kasuwa da hantsi, labari ya iso cewa sojojin arewa sun naɗa sarkin yaƙinsu a matsayin Kaisar, wato sarkin Rum, kuma suna tafe.

Tsoho Hilarus, abokin aikinsa, ko kai bai ɗaga ba. Ya gaji da sassaƙa fuskar sarakuna. Duk wanda ya zana wa "Amanar Sojoji" a bayan azurfa, sojojin ne suke yanka shi.

Krispus kuwa kujerar shugaban masassaƙa yake hange. Ya ce, "Baba, wanda ya riga kai wa sabon sarki kuɗi da sunansa, shi ne da gidan nan."

"Ɗana, a al'ada sai fada ta aiko da gunkin kan sabon sarki, sannan a taɓa ƙarfe. Ka taɓa ganinsa ne?"

"Wa ya gan shi? Sarki ai gemu ne da hular ganye. Kai dai zauna kana jira, har a rufe ka da kurfin sassaƙa a hannu."

"To, alloli su ba da sa'a. Ni bayana ciwo yake."

Krispus ya jingina madubin tagulla a bango, ya zauna. Da ya rasa fuskar da zai kwaikwaya, sai ya ɗauki wadda ta fi burge shi, wato tasa. Ya sassaƙa karyayyen hancinsa da doguwar haɓarsa, ya ɗora hular ganye, ya kewaye da sunan sarkin yaƙin. A baya ya rubuta "Nasara Har Abada". Ya buga azurfa kaɗan na gwaji ya ɓoye a tulun gawayi.

Sarkin yaƙin bai iso ba. Sojojinsa suka kashe shi a hanya, suka aiko da kansa. Dogaran fada suka shigo neman masu goyon bayansa, suka zazzage tulun.

Shugabansu ya juya azurfar, ya bi fuskokin ma'aikata da kallo. Ya tsaya a kan Krispus.

"Ranka ya daɗe, Kaisar," in ji shi, "ashe nan ka ɓuya?"

Hilarus ya durƙusa da ƙyar ya roƙa kada a kashe Krispus. Aka tura shi ramin haƙar azurfa, daga can bai dawo ba.

Darasi: Kada kwaɗayin matsayi ya sa ka yi wa sarkin da bai iso ba guɗa. Jira yana da gajiya, amma gaggawa da girman kai sun fi shi tsada. Ku tura wa wanda ke rawar ƙafa, ko zai tsaya ya yi tunani.