Giwa a Shagon Zare

Akwai wani mutum mai haɗa wa mutane manhajar kwamfuta, ana ce masa Mai Giwa. Kada ku ɗauka a dawa yake kiwo, ko akuya bai taɓa ɗaurewa ba.

Duk manhajar da za ta riƙe bayanai tana buƙatar rumbun da za ta zuba su. Irin waɗannan rumbuna akwai na kyauta, waɗanda kowa zai iya buɗe cikinsu ya duba. Akwai babba mai suna PostgreSQL, tambarinsa giwa. Akwai MariaDB da masu shafukan intanet ke yawan ɗauka. Akwai kuma ɗan ƙarami, SQLite, wanda fayil ɗaya ne yake zaune lafiya a cikin na'urarka. Ni ma da ƙyar na iya faɗar sunayen, kada wanda ya yi min dariya.

To shi mutuminku babban kawai ya sani. Kafin ka gama sallama ya riga ya zaɓa maka.

Ofis ɗaya suke haya da wata abokiyar sana'arsa, teburinta na kallon nasa, fanka ɗaya suke rabawa. Ita ya laƙaba mata Uwar Tambaya, don ba ta taɓa kwamfuta sai ta gajiyar da mai aiki da tambayoyi.

"Ke dai da 'yar sanda kika zama," in ji shi. "Aiki aka kawo miki ko ƙara?"

"Tela ma sai ya gwada mutum yake yanka yadi," ta ce, ko kai ba ta ɗaga ba.

Wata rana gwaggonsa, wadda ta goya shi tun yana cikin tsumma, ta zo ofishin. Shagon zare da maɓalli take da shi. So take ta riƙa sanin kalar da ta ƙare ba sai ta hau kujera ta leƙa kanta ba, don gwiwa ta fara ba ta labari.

Uwar Tambaya ta ce, "Ɗan ƙaramin nan zai ishe ta, ka sa mata ka huta."

"Gwaggon tawa zan ba abin wasan yara? Allah ya kiyaye."

Ya ɗora mata kwamfuta a kan teburin shago, ya samo tsohuwar kwamfuta ta biyu, ya zuba giwarsa a ciki, ya tura ta ƙarƙashin teburin Gwaggo tsakanin kwalayen zik. Ya ja waya ya haɗa ta da ta sama. Aiki ya yi kyau, har Gwaggo ta sa masa albarka.

Sai aka ɗauke wuta.

Da ta dawo, ta sama ta tashi, ta ƙasa ta ƙi gane 'yar'uwarta. Giwa ba ta yi laifin komai ba, haɗin da ya yi ne ke son mai gadi, kuma ba wani mai gadi sai shi. Tun daga ranar, da wuta ta ƙifta sai wayarsa ta yi ƙara.

"Ɗan nan, abin naka ya sake suma," in ji Gwaggo.

Haka zai bar abinci, ya ratsa gari cikin rana, ya durƙusa ƙarƙashin tebur. Telolin layin har sun saba da shi, wasu ƙafafunsa kawai suka sani. Ya rame, wandunansa duk suka koɗe a gwiwa. Amma ya ce a sauya? Ina, girman kai rawanin tsiya.

Ana nan sai wani kamfanin jigilar kaya mai rassa da yawa ya kira shi da Uwar Tambaya, kowa ya zo ya faɗi yadda zai yi musu aiki. Ma'aikata birjik za su riƙa shigar da bayanai lokaci guda. Irin aikin da Mai Giwa ya shekara yana mafarki ke nan. Ya sa aka goge masa riga, ya aske gemu.

Yana bakin titi yana jiran mota, waya ta yi ƙara.

"Ɗan nan, ya suma. Ga teloli sun cika min shago, ni kuma na daina riƙe kaloli a ka tunda ka ce in dogara da shi."

Ya dubi agogo, ya dubi hanya. Matar da ta goya ka ba a ce mata anjima. Ya ce bari ya leƙa, yanzu zai fito.

Ranar abin ya ƙi tashi da wuri. Sanda ya ja jiki ya fito daga ƙarƙashin tebur, rigar gugar ta sha ƙura, zare ja ya naɗe masa a kunne, rana ta karkata. Ya kira Uwar Tambaya.

"Sun jira ka har sun gaji," ta ce. "Ni suka ba."

Ya ce, "Wanne kika zaɓa musu?"

"Naka mana. Aikinsu nasa ne, ai ban taɓa cewa ba shi da kyau ba."

Ya kashe wayar, ya zauna a kan kwalin maɓalli. Gwaggo ta miƙo masa ruwa, ya sha, ya daɗe yana kallon wayoyin da ya shimfiɗa.

"Gwaggo, wai mutum nawa ne ke taɓa kwamfutar nan?"

"Ni kaɗai," ta ce. "Sai yau ka tambaya?"

Darasi: Kayan aiki ba ƙungiyar ƙwallo ba ne da za ka riƙe ɗaya har kabari. Ka saurari buƙatar mutum kafin ka buɗe jakarka, don abin da ka ɗora wa wani saboda burga, kai za ka yi dakonsa. Ku tura wa wannan abokin naku mai amsa kafin a yi tambaya. In kun rasa wanda za ku tura wa, ku binciki kanku.